Ƙwarya Mai Jan Ɗinki

"A mai da musu kayansu."

Abin da Baba ya faɗa ke nan, yana zaune a zauren Gogo, ya ba ƙofar cikin gida baya. Ni kuwa ina tsaye a bayan zana da muciya a hannu, tuwo yana kamu a murhu, ko ƙaurinsa ban ji ba.

"Waɗanne kaya?" in ji Gogo.

"Kayan auren yarinyar can. Na hwasa."

Yarinyar can ni ce. Sunana Rahmatu, amma ban taɓa jin sunan a bakin mahaifina ba. Ni ce 'yar farinsa, mu kuwa Fulanin Barkiya, ko da Fulatanci ya gudu daga bakinmu, kunyar ɗan fari tana nan daram. Ba ya kiran sunana, ba ya kallon fuskata. In na durƙusa gaishe shi, sandarsa yake amsa wa. Tun da aka yaye ni aka kawo ni Kurfi wurin yayarsa, Gogo Hawwa'u, ita ta raine ni. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara biyar, ko kamanninta ban riƙe ba.

Saura sati uku a ɗaura mini aure da Sodangi. Ɗan Dutsin-Ma ne, gidansu fataken hatsi, shi kaɗai ya bauɗe ya tafi Zariya ya koyo zane. Shekara biyu da suka wuce aka turo shi koyarwa makarantar Kurfi, muka haɗu a bakin rijiya, ya tambaye ni hanyar da ya riga ya sani. Tun daga ranar nake son sa, kuma ba na jin kunyar faɗa.

"Mahmuda, ba a hwasa aure da baki ɗai," in ji Gogo. "Mi ya yi?"

"Ilu, hwaɗa mata."

Ilu ɗan ƙanen Baba ne, mai kai shanu Kaduna. Mutum ne da in ya ga ƙura, kafin ya iso gida ta zama gobara.

"Wallahi Gogo, da idona na gani. Ruwa ya koro ni, na faɗa wani gida mai gilashi, ashe gidan nuna zane-zane ne. Ina ɗaga kai sai ga Rahmatu an rataye ta a bango! Tsawonta ya kai ƙohwar ga. Maza tsaitsaye suna kallo, har da Turawa. Na sa wani ya karanta mini sunan da ke ƙasa, ya ce Sodangi."

"Ka tabbata ita ce?"

"Ko a duhu na ga Rahmatu ai na gane ta."

Muciyar ta suɓuce daga hannuna.

Na san Sodangi yana Kaduna, shi da wasu samari masu zane, za su yi wata guda suna nuna aikinsu. Abin da ban sani ba shi ne har da ni a cikin kayan nunin. Tun farkon zancenmu ya taɓa roƙo na in zauna ya zana ni. Na ce masa, "Fuskata ba ta kasuwa ba ce." Ya yi dariya, ya ɗora hannu a ƙirji, ya yi alkawari ba zai taɓa zana ni ba sai da yardata.

"Wanda ya baje ɗiyar mutane a bango tun ba ta shiga gidanai ba," in ji Baba, "in ta shiga, ina za shi baje ta?"

Gogo ta ce, "Kayan suna ɗakina. Mai iya ɗauka shi shigo shi ɗauka."

Babu wanda ya shigo. Duk Barkiya da Kurfi an san Gogo.

Ranar ban ci tuwo ba. Na yage takarda daga tsohon littafina na firamare, na rubuta masa layi uku, hawaye na ɗiga a kai. Na ce in gaskiya ne, kada ya sake biyowa ta ƙofar gidanmu. Fasa auren bai ƙona mini rai kamar tunanin cewa ya yi mini ƙarya ba.

Kwana takwas amsa ta iso ta hannun direban motar Dutsin-Ma.

"Rahma, hasken idona. Ban karya alkawarinki ba, kuma ba zan karya ba. Wannan zanen ya girmi saninmu da shekara biyu. Ba ke ba ce. Don Allah ku zo ku gani, ko Baba shi kaɗai. In kun gani kun ce na yi laifi, na yarda da duk hukuncin da aka yanke."

Na karanta wa Gogo har sau biyu. Ta ɗaure ɗankwalinta tamau, ta aika aka kira Baba.

"Gani ya kori ji. Kaduna za mu."

"Ni in shiga gidan hotuna? Da girmana?"

"Da girmanka za ka raba aure a kan maganar Ilu?"

Ya daɗe yana zana ƙasa da sanda. "To, ni ɗai za ni."

"Kai ɗai? Kai da ba ka taɓa ɗaga ido ka dube ta ba, in an nuna maka hoton, da mi za ka gwada? Da ita za mu. A tsai da ta kusa da abin, in duba nan in duba can."

Baba ya yarda ba don ya so ba. Ni kuwa a bayan zana sai da na kusa yin dariya, ga kuma hawaye.

Muka hau motar kaya daga Dutsin-Ma zuwa Funtuwa, daga nan jirgin ƙasa. Duk tsawon hanyar Baba yana gefe guda, ni ina ɗaya gefen, Gogo a tsakiya tana ɓara gyaɗa tana sukar duk garin da muka wuce. Ni dai addu'a ɗaya nake ta maimaitawa: Allah ka sa ba ni ba ce. Can ƙasan zuciyata kuma wata murya tana cewa, to in ba ke ba ce, wace ce wannan da ya zauna ya ɓata kwanaki yana zana ta?

Muka kwana gidan wani ɗan'uwan Gogo, da hantsi aka raka mu har bakin wurin.

Gini ne fari, hawa biyu, gabansa duk gilashi. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa. Mai gadi ya ce ba sai ya cire ba, Baba ya ce shi ba ya shiga gidan mutane da takalmi. Haka ya rataye su a hannu muka shiga.

Ban taɓa ganin ɗaki mai girman wannan ba. Da za a zuba shanun Baba duka a ciki, da sauran fili. Daɓen yana sheƙi har ina ganin inuwata, fankoki na juyawa a sama, ga fitilu a kunne da rana tsaka. Ba gado, ba tukunya, ba tabarma, sai bango fari fat da zane-zane a jere. Mutane suna tafiya a hankali, suna magana ƙasa-ƙasa kamar gidan gaisuwar mutuwa.

Gogo ta tsaya gaban wani babba, ja da shuɗi da baƙi sun cakuɗe, ba kai ba gindi.

"Wanga kuma mi ne ne?"

Wani saurayi mai tabarau ya ce, "Kasuwa ce, Inna."

"Kasuwa? To Allah shi sa ba a yi asarar rai ba. Ni na aza kaza ce ta taka baban rini ta bi ta kan zane."

Ta kai hannu za ta shafa, mai gadi ya ce ba a taɓawa. Ta ce, "Abin da ba a ci, ba a taɓawa, ba a shimfiɗawa. Lalle mutanen birni sun huta."

A nan Sodangi ya hango mu. Ya rame. Ya taho da sauri, yana zuwa gaban Baba ya zame takalmansa ya tsuguna a kan daɓen nan mai sheƙi, a gaban Turawa da kowa.

"Sannu da zuwa, Baba. Kun sha hanya."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ina abin?"

"Yana sama."

Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Ya nuna mana matakala.

Muka hau. A ƙarshen ɗakin saman, shi kaɗai a bango guda, ga shi nan.

Mace ce ta durƙusa a gindin bishiyar bedi, ta sauke ƙwaryar nono a gabanta, ludayi a hannu, ta ɗago kai tana murmushi kamar an kira ta. Doguwar fuska, siririn hanci, 'yar wushirya, har da yadda gira ɗaya ta fi ɗaya ɗagawa.

Ni ce.

Na ji kamar an tuɓe mini mayafi a tsakiyar kasuwa. Ilu bai yi ƙarya ba, karo na farko a rayuwarsa. Na juya na dubi Sodangi, ido cikin ido, ban damu da Baba yana wurin ba.

"Ka ce ba ni ba ce..."

"Ba ke ba ce, Rahma. Dubi shekarar da ke ƙasa."

"Shekara ai hannu ke rubuta ta."

Sai na ji an damƙe mini hannu. Gogo ce. Ta matsa gaban zanen har hancinta ya kusa taɓa shi, bakinta yana motsi. Gogon da ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da mijinta ya rasu, yau ga su suna zuba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un... Fatu."

"Gogo?"

"Dubi gehen bakinta, ɗiyata. Tsaga ukku. Ke kina da su? Wagga uwarki ce."

Na duba. Ga su nan, 'yan layuka uku baƙaƙe a gefen baki, waɗanda ni ba a yi mini ba.

Baba kuwa ba fuskar yake kallo ba, ƙwaryar yake kallo. A gefenta akwai tsagewa, an ɗinke da jan zare, ɗinki mummuna, wani dogo wani gajere. Ya ɗaga yatsa daga nesa yana ƙirgawa. Takalman da ke hannunsa suka faɗi ƙasa, bai ko lura ba.

"Bakwai," ya ce. "Na huɗun ya karkace."

Ya juyo wurin Sodangi. "Yaro, ina ka san ƙwaryar ga?"

Sodangi ya sake tsugunawa.

"A kasuwar Dutsin-Ma, Baba. Ina ɗan shekara goma, mahaifiyata ba ta daɗe da rasuwa ba. Duk ranar kasuwa nakan je gindin bedin nan in zauna, don ba na son komawa gida. Wannan baiwar Allah takan kawo nono. Ba ta taɓa tambaya ta ɗan wane ne ni ba. Sai dai ta dama fura ta miƙo mini, ta ce, sha ka ƙoshi, maraici ba ya son yunwa. Ni kuwa kunya ta hana ni kallon ta sosai, sai in kafa wa ɗinkin ƙwaryar ido. Wata rana ba ta zo ba, ba ta kuma sake zuwa ba. Ko sunanta ban sani ba. Da na koyi zane a Zariya, ita na fara zanawa, don in gode mata."

"Ba ka ga tana kama da yarinyar ga ba?" in ji Gogo tana share ido.

"Na gani, Gogo. Ranar da na fara ganin ta a bakin rijiya sai da gabana ya faɗi. Amma na ɗauka kamannin Fulani ne, ko kuma zuciyata ce ke haɗa mutum biyun da suka yi mini alheri. Ban taɓa kawo wa raina uwa da 'ya ba ne."

Akwai wani dogon benci a tsakiyar ɗakin. Baba ya zauna a kai kamar wanda ya yi tafiyar kwana uku a ƙasa. Da ya fara magana, Gogo yake wa, amma duk muna ji.

"Watanmu biyu da aure. Na ce bari in taya ta tatsa, saniya ta yi harbi, ƙwaryar ta tsage. Ta gidansu ce, ta kakarta. Kunya ta hana ni kai wa gyartai mai ɗinkin ƙwarya, kada a ce ango ya hwasa ƙwaryar amarya. Na zare jan zare daga hulata na ɗinke a ɓoye." Ya yi ɗan murmushi. "Da ta gani ta yi dariya har ta zauna ƙasa. Na ce zan sawo mata sabuwa. Ta ce ko an ba ta goma ba ta musanya wagga."

Ni dai ina tsaye gaban zanen. Shekara goma sha huɗu ina rufe ido ina neman fuskar nan, ba na samun komai sai ƙanshin man shanu da wani shuɗin zane. Ashe kullum tana cikin madubina ban sani ba. Na yi kuka, amma irin kukan da ke sauke kaya daga ƙirji. Sodangi bai yi mini ƙarya ba, kuma ga uwata tana yi mini murmushi.

Can sai Baba ya ce, a hankali, "Yaya... da gaske haka yarinyar can take kama da ita?"

"Shekara sha tara kana kallon sanda," in ji Gogo. "Ɗago ka gani da idonka. Nan ba Barkiya ba ce, ba wanda za shi ce ka yi rashin kunya."

Na sunkuyar da kai. Da na saci kallo, sai idona ya faɗa cikin nasa. Ya dube ni, ya dubi bango, ya sake duba na. Ban taɓa sanin idanun mahaifina ruwan ƙasa ba ne sai ranar.

"Allah mai iko," ya ce. Ya sa gefen rawaninsa ya goge fuska.

Ya miƙe, ya ɗauki takalmansa, ya koma Malam Mahmudan da na sani.

"Yaro."

"Na'am, Baba."

"Ka riƙe alherin hura shekara goma sha biyar. Mai irin wanga riƙo ba ya wulaƙanta ɗiyar mutane. Amma ka sauke ta daga idon jama'a. Matar aure ce."

"Yau ɗin nan, Baba. Dama wani Bature ya nema na hana. Taku ce."

"Ranar da anka sa tana nan. Ka hwaɗa wa magabatanka."

Ya juya ya nufi matakala. Gogo ta cire mayafinta na biyu ta miƙa wa Sodangi a rufe zanen, sannan ta ce ita za ta koma ta sake duba kasuwar nan ta ƙasa, ko za ta gane mai sai da daddawa a ciki. Ta bar mu mu biyu, tana tafiya a hankali da gangan.

"Kin ce kada in sake biyowa ta ƙofar gidanku," in ji Sodangi.

"Na ce in gaskiya ne."

"Tun da takardarki ta iso ban ci abincin kirki ba, Rahma."

"Ai na gani. Wuyanka kamar na zalɓe."

Ya yi dariya, idonsa ya ciko. "Da na rasa ki, da ban sake riƙe alƙalami ba, abar ƙaunata."

"Ka yafe mini. Na zarge ka."

"Ni ma da na ga fuskar nan, da na zargi kaina."

Na dubi zanen kafin ya lulluɓe shi. "Sodangi... ka ce ta ce maraici ba ya son yunwa?"

"Haka ta ce."

"Yaya muryarta take?"

"Irin taki. Sai dai ita ba ta da tsiwa."

Na harare shi, ina dariya ina share hawaye.

Aka ɗaura aure ranar Juma'ar da aka sa. Ilu ne ya fi kowa rawar kai, yana bin mutane yana cewa ai shi ya gano musu hoton marigayiya. Gogo ta ce a bar shi, ko agogon da ya tsaya yakan yi daidai wani lokaci. Zanen kuwa Baba ya tafi da shi Barkiya a naɗe cikin tabarma. Ya ce ajiya ce kawai, ba don kallo ba. Matan gidan sun ce tabarmar ba ta taɓa yin ƙura ba.

Da la'asar, ana shirin kai ni Dutsin-Ma, na fito in ɗauki buta sai na ji muryar Baba a zaure. Na tsaya a bayan zana, daidai inda na tsaya ranar da ya ce ya fasa.

Ta ramin zanar na ga ya kwance wani tsohon ƙyalle a gaban Gogo. Ƙwarya ce, ta yi baƙi don tsufa, an shafe ta da mai tana ƙyalli. A gefenta ga jan ɗinki, ya koɗe, guda bakwai, na huɗun a karkace.

"Ashe tana wurinka duk shekarun ga?" in ji Gogo.

"A sa ta cikin kayan ɗaki."

"Kayan ɗakin wa? Amare sun yi yawa a garin ga."

Baba ya dubi sandarsa, ya dubi ƙwaryar. Na tabbata ya san ina bayan zanar, don inuwata tana kwance har gabansa.

"Ki ba Rahmatu," ya ce.